Kukan Sitiyarin Motar Baba

Tun kafin motar ta shigo garejin, kukanta ya riga ta isowa. Duk inda aka murɗa sitiyarin sai ta saki wani gurnani kamar tsohuwar ƙofar ƙarfe. Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana goge hannu, da niyyar yi wa direban tsiya. Yana ganin mai tuƙin, tsiyar ta maƙale masa a wuya.

Malamar firamare ce, da ƙurar alli a gefen mayafinta, ranta a ɓace.

"Malam, don Allah ka raba ni da wannan abin kunya. Yaran ajina har kwaikwayonta suke yi."

"To murɗa mu ji, Malama. Hagu. Dama. Kai shi ƙarshe."

Ya buɗe bonet, ya danna bel da yatsa, ya leƙa gwangwanin man sitiyari. Man ya yi ƙasa, ga kumfa a kansa. Ya nuna mata tiyon da ke tsiyaya, ya ce iska famfon sitiyarin ke zuƙa, shi ne kukan. Ya canza tiyo, ya zuba sabon mai, ya ɗaga gaban motar da jak, ya yi ta juya sitiyarin har kumfar ta fita. Motar ta yi tsit. Ya karɓi lambarta, wai ko da za ta sake. Shi kansa ya san ba don motar ba ne.

Da yamma ya rubuta mata: "Malamata, ya mai jiki?"

"Ta daina kuka, Injiniya. Amma wa ya ba ka ni har da 'Malamata'?"

"Aro na yi. Ba na son mayarwa."

Motar ta mahaifinta ce, tsohon direban babbar mota da ya yi shekara arba'in a kan titi. Ya daina tuƙi, amma kullum da sassafe shi ke duba mata ruwa da mai, kuma ba ya yarda kowa ya taya shi.

Kwana goma, kukan ya dawo. Injiniya ya canza robobin famfo. Bayan sati biyu ya sake dawowa, ya canza famfon ɗungurungum. Ranar da yayansa ya je nema masa izinin neman auren Malama wajen Baba, ranar motar ta zaɓa ta yi gurnani a ƙofar gida, a gaban baƙi.

"Wannan ne aikin ƙanin naka?" in ji Baba. "Wanda ya kasa riƙe sitiyari ɗaya shi zan ba 'yata ya riƙe?"

Ga kuma wani mai shagon kayan gyara, wanda ya daɗe yana zagayen Malama. Kullum yana nan kusa da Baba yana zuba, wai sitiyarin gaba ɗaya za a cire, shi zai kawo sabo kyauta. Ƙarshe Baba ya yanke: Injiniya ya zo ranar Asabar ya yi gyaran a ƙofar gida, a gaban abokansa tsofaffin direbobi. In ta sake kuka, kada ya sake taka layin.

Haushi ya hana Injiniya cin abinci. Ya zazzage kwandon shara ya nemo robobin da ya cire. Sun kumbura, sun yi laushi, alhali man sitiyari ba ya kumbura roba. Ya ɗiga tsohon man cikin kofin ruwa. Maimakon ya tsaya a sama duka, wani sashe ya narke ya bi ruwan. Man birki ne aka gauraya.

Ya rubuta mata: "Malamata, wa ke ƙara wa motar mai?"

"Baba mana, kullum da safe. Lafiya?"

Ya ajiye wayar. Ta kira sau huɗu, bai ɗauka ba, don bai san me zai ce mata ba.

Ranar Asabar dattawa suka jeru a benci. Injiniya na kwance famfo ya lura da Baba: yana laluben murfin gwangwani da hannu, yana kai robar mai dab da fuskarsa yana ƙifta ido. Robobin man biyu ne a kan kantar zaure, ta birki da ta sitiyari, girmansu ɗaya. Nan ya gane idon tsohon ne ke tafiya, kuma babu wanda ya sani.

"To, Injiniya," in ji mai shago yana murmushi, "faɗa wa dattawa abin da ke damun motar. Ko har yanzu ana bincike?"

Magana ɗaya ta isa ta wanke shi. Ya dubi Baba zaune tsakanin abokansa, ƙirji a buɗe, ya haɗiye ta.

"Laifina ne. Ban wanke tsohon man da kyau ba."

Aka kwashe da dariya. Baba ya girgiza kai ya shige gida. Injiniya ya wanke bututun tas, ya sa sababbin robobi, ya ɗauke robar man birkin, ya ɗaura zare a wuyan ta sitiyarin, ya tafi.

Saƙonta ya same shi a hanya: "Sau uku kana rantse min aikinka daidai ne. Yau ka tsaya a gaban mutane ka miƙa ni da hannunka. Na ji haushinka ƙwarai."

"Ki yi haƙuri, Malamata." Iyakar abin da ya iya rubutawa ke nan.

Washegari Baba ya miƙa hannu kan kantar, ya ji roba ɗaya, ya ji zare. Ya buɗe ya shinshina, ya murza man a yatsa. Ba irin wanda ya saba zubawa ba ne. Ya kira 'yarsa ta karanta masa rubutun.

"Man sitiyari ne, Baba."

"Ɗayar fa, wadda take nan gefen dama?"

"Ai ta birki ce." Tana faɗa ta dafe baki.

Baba ya ajiye robar. Sannan ya ce ta riƙe hannunsa, su taka zuwa gareji.

"Tun yaushe ka sani?" ya tambayi Injiniya.

"Tun Alhamis, Baba."

"Ka bari aka yi maka dariya."

"Ni gobe za a manta. Kai shekara arba'in ka yi kana tara sunanka."

Baba ya yi gyaran murya har sau biyu. Malama ta juya baya tana share ido, kunya da so sun taru sun yi mata yawa.

"Ka gaya wa yayanka ya dawo," in ji Baba. "Kuma ranar Litinin ka zo ka kai ni wajen likitan ido. Ta bayan layi za mu bi."

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, aka yi aiki aka cire. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, mai shago ma ya zo ya ci ya tafi. Da aka kawo amarya yin sallama, Baba ya gyara sabon tabaransa, ya ɗaga haɓarta, ya daɗe yana kallo.

"Shekara uku rabon da in ga fuskarki sosai," ya ce. "Ashe haka kika koma mahaifiyarki."

Ya kama hannun Injiniya ya ɗora a kan nata.

"Ka rufa min asiri, ɗana. Allah ya rufa naku, ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku."

Duk ɗakin aka amsa da amin, ban da amarya, wadda kuka ya hana.