Muryata a Ɗakin Ƙurya

Rana ta yi sanyi na tashi daga kantin maganin da nake aiki, na biya gidan Yaya na ɗauko 'yata, muka nufi gidan da dillali ya ce in zo in duba. An sayar da wanda muke haya a ciki, sabon mai shi kuma ya ce mu tattara kafin wata ya mutu. Maigidana direban babbar mota ne, yana can kan hanya. A waya ya ce mini, "Ki duba famfo, ki duba wuta, ki ɗaga kai ki ga ko rufi na yoyo. In ya yi miki, ya yi mini."

Yaya ta so in bar mata yarinyar, yarinyar ce ta maƙale mini a zane tana kuka. Shekararta uku a lokacin, bakinta ba ya hutawa, shi ya sa nake ce mata Tsuntsuwa. Ni kaɗai nake kiranta haka.

Bene ne a ƙarshen layi, bayan wani shagon masu walda da suka riga suka rufe. Dillalin na jiranmu a ƙasa, wani kakkauran mutum mai yawan share gumi. Muka kama matakala. A hawa na farko ana soya albasa, rediyo na magana, jariri na tsala kuka. A na biyu sai motsin kwanuka daga nesa. Da muka kai na ƙarshe, babu abin da nake ji sai takalmin Tsuntsuwa, irin mai tsuwar nan in an taka.

Dillalin ya buɗe ƙofa, ya ja da baya.

"Hajiya, shiga ki duba a tsanake. Gwiwa ta matsa mini, ina nan bakin matakala."

Na ce, "Gwiwar da ta hawo bene ce za ta kasa tsallake bakin ƙofa?"

Ya yi yaƙe.

Falon ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ga fili, ga manyan tagogi, ga sabon fenti. Sai dai a ƙarƙashin warin fentin akwai wani wari, kamar na jiƙaƙƙen zane da aka manta a bokiti. Kuma wurin tas yake. Dillalin ya ce an daɗe ba kowa a ciki, amma ko yanar gizo-gizo ban gani ba.

Na danna makunni, ƙwan lantarki ya yi ƙifta-ƙifta ya kama. Na gwada sakatar tagogi. Na shiga kicin na murɗa famfo, ya yi tari, ya tofo jan ruwa, daga baya ya zubo fari. Na ce, "To, ruwa dai akwai."

Na rufe famfon. Na goge hannu a mayafi. Sannan daga can cikin gidan na ji an ce, "Akwai."

Murya ce mai kauri, a shaƙe. Na san ɗakin da babu kaya yana maimaita magana, amma ba ya jira sai ka goge hannu. Na ce a raina iska ce a cikin bututu.

Wani siririn lungu ne ya ratsa zuwa banɗaki da ɗakunan kwana biyu. Na ƙurya a rufe yake. Na leƙa banɗaki, na ja ruwa, na ƙwanƙwasa bango in ji ko ya sha danshi. Yarinyar ta kai hannu za ta kwaikwaye ni.

"Tsuntsuwa, bar taɓa bango, fenti ne."

Sai muryar nan ta sake tasowa.

"Tsun... tsu... wa."

Wannan karon muryar ta sirance. A hankali take fitar da sunan, kamar mai ɗanɗana miya.

Na dubi 'yata. Ta yi tsit, ita da ko a barci surutu take. Ta zuba wa ƙarshen lungun ido.

"Mama, waye?" ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ba kowa. Zo mu duba rufi mu tafi."

Muka shiga ɗakin farko. Akwai wani tabo a saman kusurwa, duhu kuma ya fara shigowa. Na saki hannunta don in laluba waya a jaka in haska. Ina ɗaga wayar aka ɗauke wuta.

Warin nan ya taso, ya cika mini hanci.

"Tsuntsuwa. Zo nan, 'yar albarka."

Muryata ce.

Tawa sak. Har da yadda nake jan ƙarshen sunan in na ɓoye mata alewa a hannu. Bakina kuwa a rufe yake.

Takalmi ya yi tsuwa. Ya sake yi. Sai ya kama tsuwa da sauri-sauri, yana nisa.

Na buɗe baki in ƙwala mata kira. Babu abin da ya fito. Na sake gwadawa, maƙogwarona fayau, iska kawai.

Na yi waje da gudu, kafaɗata ta daki ƙofa, wayar ta suɓuce. Ɗakin ƙurya a buɗe yake yanzu.

Sanyi ne a ciki, irin na cikin rijiya. Ɗan jan hasken da ya rage a taga ya kwanta a ƙasa. Akwai durowar kaya a jikin bango, doguwa har rufi, murafenta a wangale. Tsuntsuwa na tsaye a gabanta, ta ɗaga hannu biyu a ɗauke ta.

Daga cikin duhun durowar wasu hannuwa suka miƙo. Irin nawa ne, har launin fata. Yatsun ne kawai suka yi tsawo, suna ta ƙara yi.

Na cafko ta ta ƙugu.

Ta tsandara ihu. "Sake ni! Mama! Mama!"

Ba ni take kira ba. Durowar take miƙa wa hannu.

"Sakar mini 'yata," in ji muryata daga cikin duhu, cikin raɗa.

Na ja. Yarinyar da nake ɗauka da hannu ɗaya ta koma kamar buhun siminti. Ƙafafuna suka fara zamewa a daɓe, ana jan mu tare. Ina jin numfashi a goshina, mai sanyi, mai warin danshi. Na nemi addu'a a baki, babu murya. Na yi ta a zuci, ina haɗa farko da ƙarshe.

Sai na saki ƙugunta da hannu ɗaya, na kama haɓarta, na juyo da fuskarta da ƙarfi. Na manna goshina a nata.

Ta dube ni. Kukan ya tsaya cak.

"Mama?"

Ta ƙanƙame wuyana. Nauyin ya sake mu lokaci guda, muka zube ta baya.

Ban san yadda na miƙe ba. Lungu. Falo. Ƙofar fita na hango, a buɗe, da ɗan haske. Saura taku kaɗan.

"Mama!"

Daga ɗakin ƙurya. Muryar Tsuntsuwa, tana shessheka.

"Mama, kin bar ni. Mama, duhu."

Na tsaya.

Na dubi wadda ke hannuna. Ta cusa fuska a wuyana, ba na ganin idonta. Jikinta da ɗumi. Zuciyarta na bugawa a ƙirjina kamar za ta fito. Ta jiƙa mini zane da fitsari.

"Mama, dawo."

Na runtse ido na tsallake ƙofar.

Dillalin ba ya bakin matakala. A can ƙasa na same shi, a tsakiyar titi, yana kallon sama. Da ya gan mu, bai dubi fuskata ba, yarinyar ya duba. Ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdulillahi, kin fito da ita." Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya sunkuyar da kai. Na so in tsine masa, ba ni da abin tsinewa da shi.

Na kwana biyu ban iya magana ba. Da muryar ta dawo, a dishe ta dawo, kuma haka ta zauna. Maigidana da ya kira layin Yaya aka miƙo mini, sai da ya ce, "Wa ke magana?" Muka kama wani ɗan matsattsen gida kusa da Yaya, rufinsa na yoyo, ban taɓa yin ƙorafi ba. Tsuntsuwa ta manta komai, amma har yau ba ta amsa kira daga wani ɗaki. Sai na je na tsaya a gabanta.

Bayan wasu watanni aiki ya bi da ni ta layin benen, da rana tsaka. Na ɗaga kai na ga labule a tagogin sama, ga kayan yara an shanya a baranda. Na tsaya ina ta kokawa da zuciyata. A ƙarshe na hau, don in faɗa wa uwar yaran abin da na sani, ko da za ta ɗauke ni mahaukaciya.

Na ƙwanƙwasa. Na ji tafiya ta matso, ta tsaya a bayan ƙofa.

"Shigo mana, a buɗe take," aka ce, da muryata ta da.