Ƙasusuwan Murhun Mazarƙwaila

"A kwanta! Kowa ya kwanta!"

Motar 'yan kasuwar Makarfi 'yan fashi suka tare da la'asar sakaliya, a kwanar gonakin rake. Ba su gama kwashe wayoyi ba sai ga 'yan banga — tau! tau! Yahuza, ɗaya daga cikin 'yan fashin, ya dafe cinya ya zube.

Yayansa Ukasha ya juyo zai ɗauke shi, shugabansu Oga Lawal ya tare shi da bakin bindiga.

"Ware kawai. Ni zan ji da shi."

Ai kuwa Ukasha ya arce. Ya san dokar Oga sarai: wanda ya kasa gudu, ba a barin sa da bakin magana.

Ya ɓuya a Kudan gidan gwaggonsa. Wayar Yahuza a kashe. Ya kira Oga.

"Yana nan. Kar ka ƙara kira na."

Rannan a teburin mai shayi ya ji ana cewa 'yan sanda sun tono ƙonannun ƙasusuwa a murhun masu mazarƙwaila, bayan Dandamisa, daf da inda aka yi fashin. Wai har da ƙashin cinya. An zuba a leda an kai Zariya gwaji.

Ukasha ya miƙe. An gama da ƙaninsa, kuma shi ne na gaba, wannan ko tantama babu. Ya kai kansa caji ofis.

"Yallaɓai, ƙanina ne a ledar nan. Zan faɗa muku inda suke."

Bai rage komai ba: kangon da ke dajin Kurmin Kogi, hanyar shiga, inda mai gadi ke laɓewa. Da hantsi motoci suka fita, shi kuma aka tura shi bayan kanta.

Sai yamma Sufeto Muktar ya dawo, takalma duk taɓo. Ya tsaya a bakin ƙofar.

"Likita ya bugo. Mushen maraƙi ne. Masu mazarƙwaila suka jefa shi wuta don kar ya yi musu wari."

Ukasha ya damƙi ƙarfen ƙofa. "To Yahuza fa, yallaɓai? Yana raye ke nan?"

"Da safe dai yana raye. Ogan naku har mai magani ya kawo masa." Sufeto ya kau da kai. "Su suka fara buɗe mana wuta. Gawarwakin na bayan mota. Taso ka nuna mana wanne ne shi."