Takardar Kashe Layi

Ƙarfe ɗaya na rana famfon Tudun Kadi ya fara zubo da ruwa kamar yadda ya saba, mata suka matso da jarkokinsu. Ba a cika ta farko ba ihu ya tashi daga bayan lakol, makarantar boko, inda ake jan sabuwar waya. Waɗanda suka ruga suka tarar da Na'Allah, ɗaya daga cikin masu jan wayar, yana reto a saman turken wuta, ɗamarar hawa ce kaɗai ta riƙe shi, kansa ya langaɓe baya. Abokin aikinsa Ubaidullahi yana ƙasa yana zagaya turken, yana kururuwa a kashe wuta.

Ajidan Faruku, jami'in jandarmomin Agiye, ya iso wajen ƙarfe uku. Ya tarar an tafi da gawa wurin likita a Cadawa. Gari ya taru a ƙofar ɗakin wuta, ƙaramin ɗakin siminti da ke gefen faifan sola. A bakin ƙofar wani tsoho na zaune a ƙasa, ya zuba wa tafin hannunsa ido. Sale ke nan, mai gadin wurin.

"Baba, kai ka ɗaga makunnin?"

"Ni na ɗaga, Ajidan."

"Wa ya ce ka ɗaga?"

"Aikina ne. Kullum ƙarfe ɗaya nike ɗagawa don famfo ya tashi. Tun farko an ce mini, in ka ga kwaɗo rataye ga makunni, akwai mutum bisa waya, kar ka taɓa. In babu kwaɗo, ka ɗaga. Yau babu kwaɗo."

Faruku ya leƙa ɗakin. Ga kwaɗo nan a ƙasa, daidai ƙarƙashin makunni, a buɗe.

"To wannan fa?"

Tsohon ya dubi kwaɗon ya daɗe. "Wallahi sa'ad da na shiga ba ya nan."

A cikin makullan da ke rataye a ƙugunsa akwai ɗaya da ya buɗe kwaɗon. Jama'a suka ɗau guna-guni.

Bayan la'asar motar kamfanin da ke aikin ta dawo da gawa. Shugaban ma'aikata, Sha'ibu, wanda suke kira Shef, ya sauko daga baya, idanunsa jajur. Shi ne wan mamacin, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya buɗe jakarsa ya miƙa wa Faruku takarda ba tare da an tambaye shi ba.

Faruku ya san irinta. Tunda gwamnati ta fara shirin kai wutar sola ƙauyuka, ba a yarda ɗan kwangila ya hau da mutum kan turke sai an cika ta. Takardar kashe layi ake ce mata. Shugaban aiki ya rubuta lokacin da ya kashe wuta ya rataya kwaɗo, ya sa hannu, mai hawa kuma ya dangwala yatsa cewa an ba shi makulli ya sa a aljihu. Ta ranar Larabar nan ta cika tsaf: ƙarfe bakwai na safe, hannun Sha'ibu, ga dangwalen Na'Allah da shuɗiyar tawada.

"Da hannuna na rataya kwaɗon," in ji Sha'ibu. "Sannan na tahi Cadawa ɗauko waya. Makullinai na cikin aljihun rigarshi, ku duba."

Aka duba, yana nan.

Kafin magariba aka binne Na'Allah. Aka saka Sale a bayan motar jandarma. Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya je ya yi wa uwar yaron gaisuwa, dangi suka ce kar ya kuskura ya tako ƙofar gidan. In takardar nan ta tsaya, tsohon zai gurfana gaban alƙali a kan ran mutum, kuma a shekarunsa da wuya ya sake ganin Tudun Kadi.

Abin da ya tsaya wa Faruku a rai shi ne bai ga dalili ba. Mutumin da ya shekara biyu yana bin doka ɗaya, me zai sa ya buɗe kwaɗo rana tsaka, sannan ya yar da shi inda kowa zai gani?

Da safen Alhamis ya koma. Ya fara da Ado mai injin niƙa, wanda aka ce ya sha faɗa da ma'aikata a kan ɗauke wuta, har ya rantse wata rana da kansa zai ɗaga makunnin.

"Na faɗa, Ajidan, ba ni musu," in ji Ado. "Bakina ne ba ya da linzami. Amma jiya ina Gazawa wurin sunan ɗiyar ƙanena, tun hantsi har la'asar. Ni na feɗe ragon ma, har na yanke. Ga shi."

Ya nuna yatsa ɗaure da tsumma. Faruku ya buga waya Gazawa, mutum uku suka shaida. Ya sallame shi.

Ubaidullahi kuwa, a gindin turken Faruku ya same shi, a zaune. Magidanci ne mai furfura a gemu, ya ce tun jiya ya kasa cin abinci.

"Ka ga lokacin da anka rataya kwaɗo?"

"Ban gani ba. Mu daga masauki turke muke wucewa. Shef ya ce an kashe, shi ke nan."

"Ka ga Na'Allah ya dangwala wa takarda da safe?"

Ubaidullahi ya ɗago kai. "Da safe? Wa ke dangwala takarda da safe?"

"To yaushe kuke yi?"

Ubaidullahi ya gane ya taka wani abu. Faruku bai matsa masa ba, ya zauna kusa da shi a kan tulin yashi.

"Ajidan, gaskiya ranar Asabar muke yi. Shef ya tara na mako duka, mu zauna inuwa mu yi ta dangwalawa, shida shida, sannan a kai buro, ofishin kamfani a Maraɗi. Su can cikakkiya suke so, ba su tambaya yaushe anka cika. Marigayi har wasa yake, wai yatsanshi ya fi shi aiki ranar Asabar."

"Kwaɗon fa? Kullum ana ratayawa?"

"Ana ratayawa. Sai dai in an mance."

Faruku ya nufi masaukin ma'aikata, ya ce a ba shi takardun Litinin da Talata. Suna cikin kwali, an rubuta kwanan wata da lokaci, gurbin dangwale kuwa fari fat. Ta Laraba kaɗai ce ta samu yatsa. Ya naɗe su ya sa a aljihu.

Wannan bai isa ba. Sha'ibu zai iya cewa ranar ce Allah ya sa suka bi doka. Faruku ya ɗauko takardar likita ya sake karantawa a cikin mota. Wuta ta shiga ta hannun dama, ta cinye safar hannu, ta ƙone yatsu huɗu har da babban. Ya rufe takardar, ya tambayi wanda ya yi wa gawa wanka.

Malam Abdulrahaman ne, na'ibin liman. Ya karɓe shi a zaure, ya sa aka kawo ruwa, amma da ya ji tambayar sai fuskarsa ta canza.

"Ajidan, abin da mai wanka ya gani amana ne. Ba a fita da shi."

"Allah gafarta Malam, ba aibin mamaci nike nema ba. Akwai tsoho kulle a Agiye. In ka ga abin da zai fisshe shi ka yi shiru, wannan ma ai amana ce."

Malam ya ja carbi ya kai ƙarshe kafin ya buɗe baki.

"Tawada na gani. Ga babban yatsa. Ɗanya ce, don da na zuba ruwa sai da ta ɓata mini ƙyalle."

"Wane hannu?"

"Na hagu." Ya girgiza kai. "Abin ya dame ni. Yaron ga a gabana ya yi allo. Ko goro ka miƙa mishi ba ya karɓa da hagu, balle ya shaida magana da shi."

Faruku ya yi godiya. Tambaya ɗaya ta rage, direban kamfani ya amsa ta ba tare da ya san nauyinta ba: daga Tudun Kadi zuwa Cadawa da dawowa, shi yana gaba, Shef yana baya da gawa, shi kaɗai. Shef ɗin ne ya ce kowa ya bari, ɗan'uwansa ne.

Ana zaman makoki a ƙofar gidan Delu, uwar mamacin. Faruku bai so ya yi abin a gaban mutane ba. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya ce wa Sha'ibu ya zo su duba wani abu a ɗakin wuta. Ya tura ƙofa, ya shimfiɗa takardu uku a kan akwatin batir.

"Sha'ibu, mi ya sa ta Laraba kaɗai ke da dangwale?"

"Ranar na tuna da doka."

"Da wane hannu ƙanenka ya dangwala?"

"Da dama mana. Da wane hannu ake yi?"

"Haka ne, da dama ake yi. In da safe ya dangwala, da dama zai yi, hannunshi lafiya lau. Amma ga hagu anka ga tawadar, ɗanya. Mutumin da ya yini yana kama waya cikin safa da zufa, tawadar safe ba ta kai la'asar ɗanya. Wanda ya dangwala mishi ya tarar da na dama ya ƙone, shi ya sa ya kama na hagu. Bayan ya cika ke nan. Kuma ba wanda ya keɓe da shi sai kai."

Faruku ya ci gaba.

"Da ka dawo daga ɗauko waya Cadawa, kai ka fara shigowa ɗakin ga, ka ce za ka tabbatar an kashe wuta. Nan ka yar da kwaɗon. Cikin mota ka sa makulli aljihunshi, ka fiddo tawada daga jakarka. Ina kwaɗon yake da ƙarfe ɗaya?"

Sha'ibu ya ja da baya. Ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango.

"Ga akwatin babur ɗina," ya ce, murya can ƙasa. "Kwaɗon akwatin ya lalace. Na sauke makunni da safe, na ce bari in ara kwaɗon in kulle kaya, ai kafin ƙarfe ɗaya na dawo. Na so in gaya wa Baba Sale, ban gan shi ba, ya tahi kewaye. Can kasuwa na haɗu da wani abokina, munka tsaya shan shayi." Ya rufe fuska. "Shayi, Ajidan."

"Mantuwa ce, alƙali ya san mantuwa. Amma tsohon fa? Mi ya yi maka?"

"Bai yi mini komi ba. Shi ke ajiye mini ruwan sanyi." Ya daɗe yana kuka kafin ya iya ci gaba. "Ni na koya wa Na'Allah hawa. Ni na je na ce wa Inna ta ba ni shi, aikin gona ba ya riƙe mutum, zan kula da shi. Cikin motar nan ina kallon fuskarshi ina tunanin yadda zan tsaya gabanta in ce ni ne. Na kama hannunshi, da sauran ɗumi. Na ce ya yafe mini."

Faruku ya tattara takardunsa. Ya shekara goma sha tara yana wannan aiki, bai taɓa jin ƙyamar ankwa kamar ranar ba. Bai saka masa ba. Ya ce ya shiga gaban mota.

Kafin su tashi Sha'ibu ya roƙi a bar shi ya faɗa wa uwarsa da bakinsa. Faruku ya raka shi har ƙofar ɗaki ya tsaya a waje. Bai ji abin da aka ce ba. Bai ji kuka ba ma. Da Sha'ibu ya fito sai ya wuce mota kai tsaye, bai dubi kowa ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka saki Sale. Faruku da kansa ya mayar da shi. A hanya ya yi masa bayani dalla-dalla, cewa doka ta wanke shi, abin da aka ce ya yi shi ya yi.

"Na ji, Ajidan," in ji tsohon. "Amma hannun ga ne ya ɗaga."

Ya ciro makullan daga ƙugunsa ya ajiye su a kan kujerar mota, ya ce a mayar wa masu su. Da suka shiga gari bai yarda a kai shi gida ba. Ya sauka a bakin lungun su Delu, ya taka a hankali har ƙofar gidan. Mazan da ke zaune a tabarma, waɗanda shekaranjiya suka hana shi zuwa, suka sunkuyar da kai. Ya tsaya daga waje ya yi sallama, ya kasa ɗaga ƙafa.

Aka jima. Sannan labulen zaure ya motsa, Delu ta leƙo, ta rame cikin kwana biyu kamar wadda ta yi jinyar shekara. Ta dube shi.

"Shigo, Sale," ta ce. "Ɗiyana biyu sun tahi. Ka zo ka yi mini gaisuwar duka biyun."