Shekarun Muntari

Ramlatu na tsugune a madafi tana tankaɗe ta ji sallamar Gwaggo Lubabatu, yayar mahaifinta, wadda ta taso takanas daga Tarai. Ko ruwa ba ta sha ba ta wuce rumfar Malam Halliru.

"Halliru, ashe da ranka za ka ba ɗan sikila 'yarka?"

Rariya ta suɓuce daga hannun Ramlatu. Muntari ake nufi, malamin firamare ɗan Rano da ya daɗe yana zuwa Kibiya zance wajenta. Tun zuwansa na farko ya gaya mata ciwonsa, bai ɓoye komai ba. Jibi ne ma magabatansa za su kawo gaisuwa.

"Yaya, ai sun yi gwaji," in ji Malam. "Jininta AA ne, an ce 'ya'yansu ba za su yi ciwon ba."

"Wa yake ta 'ya'ya? Ta shi nake! Shekara nawa zai yi a duniya? Yarinya ɗanya shakaf ka jefa ta takaba?"

Ramlatu ta fito ta durƙusa. "Gwaggo, don Allah, rizol ɗin gwajin ma yana—"

"Rufe min baki! Me kika sani?"

Washegari Salma, ƙanwar Muntari, ta bugo waya tana kuka. Ruwan sama ya doke shi a kan babur, ciwo ya tashi, an kwantar da shi a asibiti. Da Malam ya ji haka, ya ce a aika Rano a dakatar da gaisuwa. Ramlatu ta shige ɗaki ta kifa kai a filo, ta yi kuka har muryarta ta dushe, amma ba ta musa wa mahaifinta ba.

Gwaggo ce ta ɗaga labule. "Sa hijabinki. Da bakina zan gaya masa ya fita harkarki, ke kuma ki gani da idonki."

Suka hau mota suka nufi asibitin Rano.

Sun same shi da ƙarin ruwa a hannu, idanu sun yi rawaya, yana murƙususu yana cije leɓe. Da ya gan su ya yi yunƙurin tashi ya kasa.

"Sannu da zuwa, Gwaggo," ya ce da ƙyar. "Na san abin da ya kawo ku. In Baba ya ce a'a, na haƙura. Ba na so a ɓata da Ramlatu saboda ni."

Ramlatu ta runtse ido tana jiran maganar da za ta raba su. Sai ta ji muryar Gwaggo ta sauya.

"Ke yarinya, samo min ruwan ɗumi da tsumma."

Salma ta kawo a guje. Gwaggo ta zauna bakin gado tana gasa masa gwiwoyi a hankali, hawaye na ɗiga a hannunta.

"Haka Shitu yake yi," ta ce. "Ɗana na fari, kafin a haife ki, Ramlatu. Mun yi tsaga, mun yi turare, ba mu san asibiti ba. Ko kaciya bai kai ba ya rasu."

Likita ta shigo, Gwaggo ta tare ta. "'Yar nan, tsakaninki da Allah, yaron nan zai yi tsawon rai?"

"Hajiya, ba zan ruɗe ki ba. Ciwon gado ne, a jini yake, kuma yana iya rage kwana. Amma yanzu ba da ba ce. Ina da masu zuwa kilinik da furfurarsu, wasu da jikoki. Jinin wani ya fi na wani sauƙi, sauran kuma kulawa ce: magani kullum, ruwa da yawa, gidan sauro, a kiyayi sanyi. Shekaru kam babu likitan da zai ƙirga miki."

Gwaggo ta juyo ta kafe Ramlatu da ido. "Kin dai gani. Wannan ba soyayyar waya ba ce. Za ki iya?"

"Wallahi ina jin tsoro, Gwaggo. Amma in kin koya min, zan iya."

Ba nan take Gwaggo ta sauko ba. Ta gindaya wa Malam sharaɗi: a jira kaka, kuma duk ranar kilinik Ramlatu ta bi Salma ta koyi jinya. Ta bi kuwa, ba fashi, duk da tsegumin 'yan unguwa masu cewa ta zaɓi wahala. Da aka gama yankan dawa aka ɗaura aure, Gwaggo da kanta ta kai amarya Rano.

Yau 'ya'yansu biyu, lafiya lau. Ciwon bai daina ziyara ba. Akan kwana asibiti, akan dawo gida. Ramlatu ba ta san shekarun da aka rubuta wa mijinta ba, kamar yadda ba ta san nata ba. Abin da ta sani shi ne, gwaji kafin aure ba wasa ba ne, faɗin gaskiya tun farko ya fi komai, kuma haƙuri da iyaye yakan kai mutum inda rigima ba za ta kai shi ba. Mai larura mutum ne. A nemi sani, a kula da shi, a bar wa Allah lissafin kwanaki.