Ginin da Luƙman Yake Rusawa

Ranar da Bushira ta fara aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, da ke bayan tashar Dogon Dutsi, abin da ta fara gani shi ne jar fitila a bango, da wani dogon saurayi a ƙarƙashinta ya dafe kai.

"Lafiya?" ta tambaye shi.

"Na rusa gini," ya ce. Ya ɗago ya gan ta, sauran bayanin ya ɓace masa.

Luƙman ke nan. Manhajar waya suke haɗawa, mai tuna wa makiyaya ranar rigakafin dabbobi. Duk wanda ya ƙara wani abu a aikin, akwai na'urar da ke sake harhaɗa manhajar da kanta, ta gwada kowane sashe. Wannan harhaɗawar ita suke kira gini. In komai ya tafi daidai, fitila ta yi kore. In akwai kuskure ta yi ja, ta tura wa kowa saƙo da sunan mai laifi. Da Faransanci saƙon yake zuwa, Bushira ce ta mayar da shi Hausa.

Shi ya rusa, ita ta taya shi gyara. Haka soyayyar ta kama.

"Koriyata, in na gan ki duk gwajina wucewa yake," ya rubuto mata.

"Ƙarya kake, biyu sun faɗi tun azahar. Ka gyara, sannan ka yi zance."

Mahaifinta, Malam Tukur, magini ne. Wata Juma'a ta bar wayarta a kan tabarma, saƙo ya shigo a gabansa: "GINI YA RUSHE. Mai laifi: Luƙman." Ya duba saƙonnin baya, ga irinsa nan jere.

"Dije!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Taho ki ga aikin yaron da ke son ɗiyarki! Ko garken awaki bai iya tsaidawa!"

"Baba, ba irin wanga gini ba ne," in ji Bushira.

"Gini iri nawa ne? Mutum nawa ya danne? Ɗiyata ba ta kwana ƙarƙashin rufinshi. Ga Yazid nan yarona, katangarshi ko damina ba ta taɓa ta."

Duk mai 'ya mace ba za ta ga laifinsa ba. Bushira dai ta daina cin tuwo, har sai da Dije ta ce wa mijinta ya je ya gani da idonsa, ko ita ta je.

Ya hau kabu-kabu ya sauka a biro yana neman ɓaraguzai. Luƙman ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya yi kuskure da gangan, fitila ta yi ja. Ya gyara, ta yi kore.

"Wato tun bai kai hannun mutane ba ake kama shi?"

"E, Baba."

"Kuma ba ta ɓoye sunan kowa?"

"Ko na mai biron."

Malam Tukur ya miƙa masa wayarsa.

"Sa lambata ciki. In ga kore har a yanke gero, sannan mu yi magana."

Luƙman ya koma gwada komai a kan na'urarsa kafin ya tura. Ya rame. Gero ya nuna, fitila kore shar. Ana gobe za a shiga gona, wayoyi suka yi ƙara gaba ɗaya.

"GINI YA RUSHE. Mai laifi: Bushira."

Ta fashe da kuka. Sai ga kiran Malam Tukur a wayar Luƙman.

"Baba, ni ne ban duba mata ba..."

"Rufe mini baki, abin nan ba ya ƙarya." Ya rage murya. "Ka ga sunan da ya fito?"

"Na gani."

"Kuma kana son ta haka nan?"

"Ina son ta, Baba. Mun ma kusa gyarawa."

"To turo magabatanka maza, tun maganar ba ta fita gari ba. Ɗiyar magini guda!"

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Malam Tukur ya dafa kanta.

"Allah ya tsai da gininku. In ya tsage kada wanda ya ɓoye, ku gyara tare."

"Amin," in ji Dije. "Yanzu sai a cire lambarka."

"Wa? Ni? A bar ta nan."