Gayaunar Kaka da Wasan Yatsa Biyu

A wani ƙauye kusa da Matankari akwai wani yaro ɗan aji biyar. Ba shi da mugun hali, sai dai akwai shi da cika baki.

Da damina ta matso, wansa Ishaku ya dawo daga cin rani a Kwatano. Ya zo da salula mai faɗin fuska, a cikinta akwai wani wasa.

A wasan, wani ɗan mutum ne ke yawo cikin gida mai ɗakuna da yawa. Babban yatsan hagu ke tafiyar da shi. Babban yatsan dama ke juya bindigarsa. Kana iya gudu gabas kana harbi yamma. Dodanni kuwa ta ko'ina suke ɓullowa.

In aka kashe ka, ba ka ci gaba daga inda ka tsaya. Sai ka koma ƙofar farko, hannu wayam. Ɗakunan ma sun canza, ba waɗanda ka sani ba ne. Yau ka tsinci bindiga mai feshi, gobe ka tsinci wadda ko sauro ba ta kashewa. Shi ya sa ba a gajiya da shi. Kullum mutum yana jin wannan karon ne zai kai ƙarshe.

Yaron ya ƙware sosai. A lakwal, wato makaranta, yakan ɗaga yatsunsa ya ce wa abokansa, "Kun gan su? Kowane da nasa hankali."

Wata rana kakarsa Sa'a ta same shi a gindin darbejiya.

"Kai maigidana, mi kake murza wa abin ga haka?"

"Yaƙi nike, Kaka."

"Ka ci?"

"An kashe ni."

"Allah shi jiƙan ka. To tashi ka ɗebo mini ruwa."

"In an kashe ni sai in sake daga farko," in ji shi. "Ba a rasa komi."

Kaka ta miƙa masa bokiti.

Ran nan aka yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Washegari Lahadi ce, babu lakwal. Kaka ta fito da ƙwarya cike da irin gero. Ita ta zaɓi zangarniyarsa da hannunta bara.

"Irin ga tun na kakanka ne," ta ce wa yaron. "Ba a samunsa ko a kasuwar Dogon Dutsi. Abin da ke cikin ƙwaryar ga, shi ke nan."

Suka tafi gayaunarta, 'yar ƙaramar gonarta. Ishaku ya ɗauki sungumi, ya sare ramuka layi layi. Da ya gama, ya wuce babbar gona wurin Baba. Ya manta rigarsa a reshen aduwa, da salula a aljihu.

Aikin yaron mai sauƙi ne. Ya jefa iri a rami da hannu, ya rufe da dunduniya, ya matsa gaba. Kaka ta zauna a inuwa tana kallo. Idonta ya yi rauni, daga nesa motsi kawai take gani.

Yaron ya dubi ƙwarya, ya dubi riga. Wasan yana son yatsa biyu. Shuka tana son hannu. Sai dabara ta zo masa, irin wadda ko babba sai ya yi gumi kafin ya gano ta.

Ya juye irin a leda. Ya huda gindinta da ƙaya, ya ɗaure ta a ƙugu, ya zaro salula daga aljihun rigar. Iri yana zuba da kansa, shi kuwa yana tafiya yana wasa. Lokaci lokaci yakan shuri ƙasa don Kaka ta gani.

In dodanni suka biyo ɗan mutumin, yaron yakan ƙara sauri bai sani ba. In ya iske babban dodo, sai ya tsaya cik yana tattaka ƙasa da ƙafa.

Kafin rana ta take, leda ta ƙare.

"Har ka gama?" in ji Kaka. "Lallai na yi dacen miji."

"Ai ni aiki biyu nike yi lokaci guda, Kaka."

Suna juya baya, kurciyoyi suka sauka.

Bayan 'yan kwanaki gero ya tsiro a gonakin mutane, layi layi gwanin kyau. Kaka ta ce a raka ta ta ga nata. Ishaku da yaron suka bi ta.

Ramukan gayauna fayau suke. Sai can da can ake ganin tsiro a cunkushe, kamar gashin da ba a taje ba.

Kaka ta durƙusa, ta tona rami ɗaya da yatsa. Babu komi. Ta tona na biyu. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ishaku ya bi sawun tsiron da ido. Layin ya karkace, ya koma baya, ya yi zobe. Sai ya nuna wani babban cunkuso.

"Nan ne ka haɗu da babban dodo, ko?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Nan ne."

"Can fa?"

"Can ma."

"To, maigida," in ji Kaka a hankali, "ka ce ana sakewa daga farko. Ina za ka samo wani irin?"

Hawaye ya zubo wa yaron. "Ki yi haƙuri, Kaka. Na ɓata miki irin Kaka namiji."

Ta jawo shi kusa, ta duba cunkuson da kyau. Inda ya tsaya yana tattaka ƙasa, nan ne iri ya rufu, kurciya ba ta samu ba.

"Bai ƙare duka ba," ta ce. "Akwai dashe. Amma bayanka zai gaya maka."

Da tsiron ya yi ƙwari aka sake samun ruwa, yaron ya fita cikin yayyafi. Ya riƙa cire tsiro daga cunkuso a hankali, da saiwarsa. Ya kai shi ramin da babu komi, ya dasa, ya danne da hannu biyu. Haka ya yi duk ranar da aka yi ruwa. Bayansa ya ƙage, gwiwarsa ta yi ciwo. Cikin dashen wasu suka bushe, da yawa suka kama.

Da lokacin girbi ya yi, gayauna ta ba da gero, ko da bai kai na bara ba. Kaka ta sa shi ya zaɓi manyan zangarniyoyi da kansa, suka adana a rumbu don baɗi.

Da yamma Ishaku ya ara masa salula. Ya zauna a gindin darbejiya, yatsu suna aiki.

"An kashe ka?" in ji Kaka.

"An kashe ni."

"To sake. Wannan ba ya cin iri."

Daga nan yaron ya gane cewa wasa yana da lokacinsa, aiki ma yana da nasa. In aka ba ka amanar aiki, ka ajiye wasa, ka ba aikin hannunka biyu.