Lallen da Na'ura Ta Ƙi

"Amarya, da wane yatsa za ki shiga jarabawar?"

Mehwish ce tsaye a kaina, a ɗakin kwamfutocin da muke gwaji. Ban ɗago ba. Tun ranar da ta gane Tabrez, malamin ɗakin, ni yake so ba ita ba, ko gaisuwarta da ƙaya take zuwa.

"Da wanda Allah Ya ba ni," na ce, hannuna na kan linzamin kwamfuta.

Ta kamo wuyan hannuna ta ɗaga sama don kowa ya gani. Lallen baikona ya kama sosai, kan yatsuna goma sun yi baƙi ƙirin.

"Ku kalli 'yar ƙauye! Jibi jarabawa, ita kuma ta tsoma yatsu a lalle. Ke ba ki san sai kin dangwala yatsa a na'ura kafin a bar ki ki zauna ba? Na'ura ba ta karanta yatsa mai lalle, ƙawata. A bakin ƙofa za ki ƙare."

"Ƙarya kike."

"Tambayi angonki. Shi da bakinsa ya gargaɗe mu ranar Asabar, kamar yadda yake yi duk shekara." Ta yi murmushi. "Au... na manta. Ranar ce aka tafi da ke kasuwa zaɓen atamfar baiko."

Na fizge hannuna.

Shekara ɗaya tak Abbu, mahaifina, ya ba ni da ya kawo ni birnin Kota daga ƙauyenmu na kusa da Tonk. In na ci jarabawar, in tafi jami'a in karanta injiniya. In na faɗi, in koma gida in taya Ammi, mahaifiyata, ɗinki, kuma kada in sake tayar da zancen. Ya sauke ni gidan ƙanwarsa, Goggo Shamshad, uwar Tabrez, matar da ko shayi ta ba ka sai ta haɗa maka da gori.

Na zo garin ban taɓa taɓa kwamfuta ba. Tabrez ne ya ɗora hannunsa kan nawa ya koya mini juya linzami, shi ya yi mini rajista, shi ke sayo mini kachori, wani soyayyen fanke mai yaji, da zafinsa in gwaji ya ba ni kashi. Na so shi, ba zan ɓoye ba. Na so shi har na daina duba komai da idona, na bar masa.

Goggo kuwa cewa take ba za ta haɗa ɗanta da yarinyar da za ta tafi wata uwa duniya shekara huɗu ba. Sai ga shi makon jiya ta sauko lokaci guda. Ta ce a yi baiko kafin jarabawa, don hankalina ya kwanta. Ita da kanta ta kwaɓa lallen, ita ta riƙe yatsuna tana tsomawa ɗaya bayan ɗaya tana kirana 'yarta. Har hawayen daɗi na yi, ni sakarya.

Na sami Tabrez a bayan ɗakin yana kwance wata kwamfuta.

"Rukhsar, hasken idona, har kin gama gwajin?"

Na buɗe masa tafukana a gaban fuskarsa.

"Ka sani?"

Ya kalli hannun, ya kalli ƙasa.

"Tabrez, tambayarka nake. Kana zaune ana tsoma mini yatsu, kana dariya, har hoto ka ɗauka. Ka sani?"

"Ammina ce ta..."

"Ban tambaye ka Goggo ba. Ita ba ta taɓa cewa tana sona ba."

Ya ajiye sukurdireban da ke hannunsa. "To na sani. Kin ji daɗi? Kina ganin ban san za ki ci ba? Makinki ya fi na kowa a ɗakin nan. Ki ci, a tura ki can kudu, ki haɗu da waɗanda suka fi ni, ni kuma ina nan ina goge ƙurar kwamfuta. Shekara ɗaya ce kawai, masoyiyata. Mu yi aure, baɗi ni da kaina zan kai ki."

"Abbu bai ba ni baɗi ba, kuma ka sani."

"In kin zama matata, maganar Abbu ta ƙare."

"Tawa fa?"

Ya sake ɗaukar sukurdirebansa ya juya ga kwamfutar. Wannan ya fi duk abin da ya faɗa ciwo.

Na koma gida da rana tsaka na zauna a bakin famfo. Lemun tsami, gishiri, man goge baki, dutsen goge ƙafa, babu wanda ban gwada ba. Goggo ta jawo kujera ta zauna tana tsintar shinkafa, tana kallona kamar mai kallon wasa.

"Ki goge har ƙashi, lallena ba ya fita. Da ganyen shayi da kanumfari na kwaɓa shi."

"Allah Ya saka, Goggo."

"Da alheri, ko? Mace da littafi a hannu, wa zai dafa wa ɗana abinci? Gata na yi miki, mara kunya."

Na ci gaba da gogewa. Manyan yatsuna biyu kawai na sa a gaba, in jiƙa su a ruwan ɗumi, in murza, in sake jiƙawa. Washegari ma haka na wuni. Fatar ta yi ja, ta yi laushi, ruwa ma in ya taɓa ta sai na cije leɓe. Baƙin ya koma ruwan goro, amma bai tafi ba. Na buga wa Abbu waya na gaya masa komai. Ya ce zai hau motar safe.

Ranar jarabawa layi ya miƙe har titi. Tabrez ya biyo ni duk da ban kula shi ba. A ƙofar farko matar da ke bincike ta nuna hannuna.

"Ba a shiga da zobe. Cire."

Na zare zoben baikon. Tabrez ya miƙo hannu da sauri.

"Kawo in riƙe miki har ki fito, rabin raina."

Na sakar masa a tafi, na wuce.

A ciki na ɗora babban yatsana na dama kan gilashin na'urar, ina kallon fitilarta. Ja. Na sake. Ja. Mehwish na bayana a layi, na ji ƙaramar dariyarta.

"Ba a gaya muku kada ku sa lalle ba?" in ji jami'in, ransa a ɓace. "Kawo na hagu. In ya ƙi, ki koma gefe."

Na goge yatsan a gyalena, na danna shi da duk ƙarfina. Zafin ya ratsa har kafaɗata. Na'urar ta yi shiru, ta yi shiru...

Kore.

Na waiwaya na dubi Mehwish. "Da wannan yatsan," na ce.

Na zauna gaban kwamfutata ina riƙe linzami da yatsu masu raɗaɗi, na yi abin da ya kawo ni Kota.

Da na fito, Abbu na tsallaken titi da akwatina a gefensa, ya riga ya kwaso kayana daga gidan ƙanwarsa. Tabrez ya tare ni tun kafin in tsallaka, idanunsa jajir, zoben na tafinsa.

"Na yi kuskure, Rukhsar. Tsoron rasa ki ne ya sa. Kawo hannunki."

Na kalli hannun nawa. Zanen furannin da mai lalle ta yi mini na nan raɗau har wuyan hannu, da sunansa da aka ɓoye a tsakiyar tafina, sai manyan yatsu biyu da suka saɓule. Har yanzu ina son sa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Mai lallen ta ce sunanka zai yi wata guda kafin ya goge," na ce. "Zan jira shi. Zoben kuma ka kai wa Goggo, ita ta yi aikinsa."

Na tsallaka wurin Abbu. Bai tambaye ni yadda jarabawar ta kasance ba. Yatsuna ya kama a hankali, ya shiga hura musu iska.